Bayan Hoton Uban Ƙasa

Shekara ashirin da shida muna ƙarƙashin Uban Ƙasa, kamar yadda ya ce a riƙa kiransa, sai ga shi ranar wata Talata da hantsi an nuno shi a talabijin ba hula, sojojin ƙasar waje biyu sun riƙo shi kamar ɓarawon kaza. Ashe sanƙo gare shi! Wallahi abin da ya fara faɗo mini ke nan. Mu ma'aikatan kantin magani muka tsaya baki sake, ba mai ko tari, don muna tsoron kada tarko ne.

Da na ji ana ihu a titi a fito da hotunansa a ƙona, sai na tuna da hoton da ke shagon Baba.

Doka ce kowane shago ya rataye hotonsa. A shagon ɗinkin Baba, a bayan wannan hoton, tsakanin takarda da kwali, muka ɓoye hoton Yaya, ɗaya tak da ya rage mana tun da aka tafi da shi. 'Yan sandan ciki sun kwashe sauran, sun farke katifa, sun zazzage buhun ƙyallaye, amma wa ya isa ya taɓa fuskar Uban Ƙasa? Ni da Baba kaɗai muka sani.

Na fita a guje. Tankokin baƙi sun tare mararraba, wasu na yi musu tafi, wasu sun yi tsuru-tsuru. Na tarar da Baba zaune gaban keken ɗinki, ƙusa kawai ta rage a bango.

"Maƙwabcinmu mai walda ne ya cire," in ji shi. "Na buɗe baki in hana shi, 'yar nan, maganar ta ƙi fita. Shekara tara ban ambaci yaron nan a gaban kowa ba."

A bakin kasuwa aka tara hotunan tsibi guda, wuta ta fara ci. Na gane namu da jan zaren da Baba ya ɗaure karyayyen gefensa. Na kutsa, na cusa hannu na fizgo shi, na rungume.

Wata mata da muke gaisawa kullum ta tofa mini yawu.

"Ashe ke ma tasu ce? Kuka kike masa?"

Na ce su bari in buɗe bayansa su gani, amma ihu ya haɗiye muryata. Mai waldan da kansa ya ƙwace, ya tattake gilashin, ya mayar cikin wutar, aka ɗauki shewa. Ban taɓa tsanar mutane masu murna ba sai ranar.

Na koma shago hannuna duk ƙuna. Baba ya dubi hannun, ya dubi ƙusar. Can ya ce, "Tabon nan na fuskar yayanki, a kuncin dama yake ko na hagu?"

Na buɗe baki in ba shi amsa. Ni ma na kasa tunawa.