Murjanin Ƙodago

A shekarar fara, da gero ya ƙare a Gure har mutane suka koma tonon gidan tururuwa, Manzo mai lambu ya ɗauki murjanin marigayiya matarsa ya ba wani bafatake, aka auna masa hatsi. Da shi gidan ya kai damina. Bai gaya wa kowa ba.

Murjanin nan kuwa gadon Mairamu ne, 'yarsa ta fari. A danginsu, mace takan rataya na uwarta ranar sunan ɗanta na fari, dangin miji su gani su san daga gida ta fito. Mairamu tana aure a Gamu, kuma tun kafin biki ƙanwarsa A'i ta cika wa surukai baki da labarin murjanin.

Shekara uku bayan yunwar, saƙo ya zo cewa cikin Mairamu ya tsufa, Baba ya fito da ajiyar Inna.

Da wata 'ya ce, da ya zaunar da ita ya faɗi gaskiya. Amma 'yar fari ce. Ko sunanta ba ya kamawa, tunda ta yi wayo ba su taɓa haɗa ido ba. Ta ina zai fara?

Sai ya gangara kwarin da lambunsa yake, ya tsinto ƙodagon goruba busassu. Kullum in ya gama ban ruwa, ya zauna gindin dabino yana fasawa, yana feƙe farar ƙwayar da ke ciki da wuƙa, yana gogawa a dutse har ya yi sumul. Da basilla mai zafi yake hudawa. Rabi suka tsage, yatsunsa duk suka yi kanta. Sai da wata ya kusa mutuwa ya samu abin da zai zagaye wuya sau biyu.

Ya kai wa abokinsa Garbai baduku ya rina masa da karan dafi. Garbai ya juya su a tafin hannu, ya yi dariya, ya ce ashe mai albasa ya zama maƙerin sarauniya. Sannan ya daina dariyar.

“Manzo, rinin nan fatar akuya ya sani. Ƙodago ba ya shan sa, a samansa kawai zai zauna.”

Manzo ya ce yini ɗaya kawai yake roƙon rinin ya riƙe. Aka rina sau uku, aka shafe da man shanu. A inuwa, daga nesa, sai ka rantse murjani ne.

Ranar suna ta faɗo tsakiyar bazara. Manzo ya ba A'i ƙunshin ta shigar, shi ya zauna cikin maza a ƙofar gida. Aka raɗa suna, aka yanka rago. Yana jin guɗa daga ciki, har ya fara sakin jiki.

Wajen azahar guɗar ta tsaya. Sai wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, wasu suka taya ta.

A'i ta fito, ta yafito shi bayan danga. Ta ce mai jego ta yi wankan ruwan zafi, ta zauna cikin mata tana gumi, jan ya bi wuyanta ya sauka har kan zanen jariri. Uwar mijin ta ciji ƙwaya ɗaya, ta tofar, ta tambayi mata ko a Gure murjani a bishiya yake tsirowa.

“Yaya, ni ma ka sa na zama maƙaryaciya. Ina na gaskiyar?”

“Mun cinye shi.”

Ya roƙe ta ta koma ta gaya wa yarinyar yadda aka yi. Ta shiga, ta daɗe. Da ta dawo, ta ce ta faɗa mata duka.

“Me ta ce?”

“Ta ce yunwa ba abin kunya ba ce, kowa a ɗakin ya sha ta. Da ka aiko da gaskiya, da ta zauna da wuyanta haka nan. Yanzu a gidan nan za ta tsufa ana yi mata gorin wannan.”

Ya tambaya ko zai ga jaririn. A'i ta ce an ce yana barci.

Manzo ya kwance jakinsa, bai jira rabon nama ba.