Inuwar Hannu a Bangon Kufai

Ranar Talata Malam Chollom ya dawo wa Ɗalhatu da kaset ɗin fim ɗin da ya shirya, a ƙofar shagon da yake wankin hotunan biki. Ya ce, "Na gani. Ka yi ƙoƙari." Ya wuce.

Ɗalhatu ya ɗaga kaset ɗin ya leƙa tagarsa. Zaren bai ci ko rabin rabi ba. A inda Malam ya tsayar, ko liman bai shigo fim ɗin ba tukuna.

Malam Chollom shi ya koya wa su Ɗalhatu adabi a sakandare. Mutumin Filato ne, amma ya daɗe a Gwarzo har yana gyara wa 'yan gari Hausa. Yana rubuta sharhin finafinai a wata mujalla ta Kano. Bana aka roƙe shi ya zo da fim ɗaya daga wannan yanki, a nuna a taron masana a Jos. Ɗaya tak. Tun da Ɗalhatu ya ji labarin bai taɓa kawo wa ransa wani fim ba sai nasa. A aji shi ke zama a gaba. Shi Malam ke ba aron littattafai.

Fim ɗinsa kuwa na hankali ne. Maƙwabta biyu sun saɓa a kan kwata, liman ya sasanta su. Awa uku, ba rawa, ba waƙa. Da Shari'a ta zo aka matsa wa masu fim, ko ƙiftawar ido ba a yanke masa ba.

Abdulnasir na Kabo shi ma ajinsu ɗaya, ɗan layin baya, mai zanen ƙoƙon kai a jikin tebur. Yanzu finafinan dodanni yake yi, da faɗan adda, da matattu masu fitowa daga rijiya. 'Yan acaɓa ke cika gidan kallo saboda shi. Wannan bai taɓa damun Ɗalhatu ba, ai 'yan acaɓa ne. Sai watan jiya, da ya buɗe mujalla a tsaye wajen mai jarida, ya tarar Malam ya ɓata shafi biyu a kan Abdulnasir. Wai ya san inda ake ajiye tsoro kamar yadda magini ya san inda ake ajiye azara. Wai mai fasaha ne. Ɗalhatu ya karanta kalmar, ya sake karantawa, ya mayar da mujallar bai saya ba.

Ranar Alhamis Malam ya sake biyowa ta shago.

"Jibi ka kai ni Kabo a babur ɗinka. Ka san wahalar man nan, ba mota. Abdulnasir na ɗaukar sabon fim a wani kufai ta hanyar Gude. Ina so in ga yadda yake aiki kafin in yanke."

"To, Malam."

Kafin in yanke. Ke nan bai yanke ba. Ɗalhatu ya wuni yana juya maganar. Shi dai abin da ya sani, mai kyamara bawan rana ne. Shi kansa da hantsi yake ɗauka, in la'asar ta yi sai ya naɗe waya. In suka isa Kabo rana ta yi sanyi, babu abin da Malam zai gani sai tarkace da mutane masu neman takalmansu.

Ranar Asabar bai je ɗaukar Malam ba sai bayan azahar. Ya tsaya wajen 'yan bumburutu, ya sa aka tace man ta tsumma, ya ce bai yarda da shi ba, aka sake tacewa. Da suka hau hanya ya fara magana ta kan kafaɗa.

"Malam, jinin nan fa da kake yabo, zoɓo ne da koko."

"Na sani."

"Dodon kuma Nata'ala ne, mahaucin Kabo."

"Kai ma limaminka tela ne. Shi ya ɗinka mini wannan rigar."

Da suka zo mararrabar Gammo Ɗalhatu ya karya kan babur.

"Ina kuma za mu?"

"Gwaggona ce a nan. In ta ji na wuce ban leƙa ba, na shiga uku."

Gwaggo Fatsuma ta fito zaure tana gyara mayafi. "Lale, lale! Yau Ɗalha ne a gidanmu? Da baƙo kuma? Sannu da zuwa, Malam. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya hanya? Yaya iyali? Yaya yara? Yaya mutanen Gwarzo? Yaya muka ji da wannan tsadar?"

Malam ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar mata da nasa. Aka shimfiɗa tabarma. Ta ce ai ba za su tashi ba sai an dama fura, nono kuma sai an aika maƙwabta. Aka aika gona a kira maigida, don ba a yin baƙo ya tafi bai ga mai gidan ba. Ya zo, gaisuwa ta koma farko. Malam ya saci kallon agogo. Ɗalhatu ya gani, ya sunkuyar da kai cikin ƙwarya.

"Gwaggo, na ji an yi rashi a gidan maƙeri."

"Ai kuwa, uwarsa. Yau kwana biyu."

"Malam, ko za mu leƙa mu yi gaisuwa? Ga shi nan kusa."

Wa zai ce a'a? Malam ya dube shi, ya miƙe. Suka zauna cikin masu zaman makoki, aka yi addu'a, aka shafa, wasu suka shigo aka sake yi. Ana cikin haka aka kira la'asar. Malam ya zauna a kan kututture a ƙofar masallaci yana jira, Ɗalhatu kuwa ya tsaya jan carbi har sahu ya watse.

Lokacin da suka hango kufan, rana ta yi ja ta sunkuyo kan gonaki. Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Ɗalhatu. Ya rage gudu don ya more.

Sai ya ga mutane na tashi daga gindin mangwaro suna kakkaɓe jiki. Abdulnasir ya taho da gudu, kyamara a kafaɗa, hula a karkace.

"Malam! Sannu da zuwa, sannu da hanya. Kai Ɗalha, Allah ya yi maka albarka. Wa ya gaya maka lokacina? Da kun zo da rana, da minshari kawai za ku tarar. Sai yanzu bangon nan ke ba ni abin da nake so."

Ɗalhatu ya kashe babur. Bai sauka da wuri ba.

Bango ne dogo na jar ƙasa, rufin ɗakin ya daɗe da faɗuwa. Abdulnasir ya tsayar da Badi'a, 'yar wasansa, a gefe guda cikin hijabinta. Can nesa da ita ya tsayar da Nata'ala. Ya juya kyamara ga bango, ya ba su baya.

"Ka ga, Malam, an ce namiji ba zai taɓa mace a fim ba. To dodo ma namiji ne, tunda Nata'ala ne a ciki. Na rasa yadda zai shaƙe ta. Sai na ce, to inuwa fa? Ita ba wanda ya hana."

A jikin bango inuwar Badi'a ta miƙe siririya har saman katanga. Inuwar hannun Nata'ala ta rarrafo wajen wuyanta, alhali tsakaninsu a ƙasa akuya uku za su wuce a jere. Malam ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"A'a, a'a, yanke!" in ji Abdulnasir. "Nata'ala, wannan hannu ne ko malmalar tuwo? Shaƙe ta za ka yi, ba tsire za ka miƙa mata ba."

"To hannun da Allah ya ba ni ke nan. In ba ka so, ka ara a kasuwa."

Aka yi dariya. Ɗalhatu bai yi ba. Yana tsaye gefe, hannunsa ɗaya a kan ƙugu, yatsun suna buɗewa suna rufewa bai sani ba. Abdulnasir ya waiwaya, idonsa ya sauka a ƙarshen bango.

"Tsaya! Ɗalha, kada ka motsa. Wannan hannun nake nema."

"Ni ba na fim ɗin dodo."

"Wa ya ce kai zan ɗauka? Inuwarka kawai. Ko gwaggonka ba za ta gane ka ba."

"Taimaka masa mana," in ji Malam. "Rana na tafiya."

Aka tsayar da shi inda Nata'ala ya tashi. Ya ɗaga hannu. Bai dubi bangon ba, bai dubi Badi'a ba. Abdulnasir ya durƙusa a gabansa kaɗan, ya manna ido a kyamara, ƙeyarsa a waje, gumi na bin wuyansa. Nan Ɗalhatu ya kafa ido. Ya tuna shafi biyun nan. Yatsunsa suka buɗe, sannan suka rufe a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ƙashi ya yi ƙara.

Badi'a da ke kallon bango ta ƙwalla ihu, ta kai hannu wuyanta tana lalubawa.

Abdulnasir ya ɗago kai. "Yanke," ya ce a hankali. "Ba sai an sake ba."

"Wallahi sai da na ji sanyinsa," in ji Badi'a, tana ja da baya.

Malam ya matso kusa da Ɗalhatu, amma ba shi yake kallo ba. "Ka gani? Kallo ɗaya ya yi maka, ya san abin da ke hannunka." Ya ɗaga murya. "Abdulnasir, ka gama haɗa shi da wuri. Da shi zan tafi Jos."

Abdulnasir ya yi tsalle har hula ta faɗi. Ya rungumo Ɗalhatu ta kafaɗa. "Wane suna zan rubuta maka? Ɗalhatu Gwarzo, ko Ɗalha Dodo?"

"Kada ka rubuta komai."

Suka kama hanyar gida kafin magariba. Malam na baya yana ta magana cikin iska, a kan jan bangon, a kan yadda tsoro ke ƙaruwa in ba a nuna fuska ba. Sun wuce Kabo ya taɓa kafaɗar Ɗalhatu.

"Ka zo mu tafi tare. Ka ga hannunka a babban allo."

"Ina da ɗaukar biki ranar."

"Ai ban faɗi ranar ba."

Ɗalhatu ya murɗa mai, ƙarar injin ta rufe sauran maganar.