Wane Irin Mutum Ne Kurbonali?

Nazri na tsugune yana ɗiga wa maƙwabcinsa Kurbonali ruwa da cokali, sai tsohon ya damƙe leɓɓansa, ruwan ya gangara cikin gemu.

"Ba kai ba," in ji shi. "Zoirsho."

A ƙauyen, ɗa ne ke ɗiga wa uba ruwan ƙarshe, ya ce masa ya yafe. Zoirsho kuwa gidansa na hayin rafi, ana jin carar zakaransa daga nan, amma shekara ashirin da biyu bai tako ƙofar ubansa ba.

Lokacin yaƙin basasa ne 'yan bindiga suka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya. Kurbonali ya cusa babban ɗansa Zoirsho cikin tanderun burodi ya rufe, ya kama hannun ƙaramin, Mehrob, ya miƙa musu. A zatonsa za su ga bai ko fara gemu ba su sako shi. Ba a sake ganin ko hularsa ba. Tun daga ranar ba a hura wuta a tanderun ba. Nazri ya sha hango tsohon ta kan katanga, ya zura kai ciki yana magana, muryarsa na amsa kuwwa kamar daga rijiya.

Nazri ya aje cokalin ya haye rafi. Ya iske Zoirsho yana kaifa lauje.

"Ɗana, babanka ba zai kai la'asar ba. Kai yake kira."

"Baffa Nazri, ina cikin tanderun ina jin Mehrob yana cewa, Baba takalmina. Ko takalmi bai bar shi ya sa ba."

"Kai ya ceta ai."

"Wa ya roƙe shi?" Ya ci gaba da goga laujen a dutse.

A hanyar komowa Nazri ya haɗu da Malam Sherali, tsohon malamin makaranta, ya faɗa masa yadda suka yi, ya ce masifar gidan nan ta kai a sa ta a littafi.

"Kai Nazri, da karatunka na aji uku!" in ji Malam. "Masifar littafi sai babban mutum, sarki ko jarumi. Ya yi kuskure da hannunsa, ya gane, jama'a su yi kuka su sami sauƙi. Wannan fa mai gyaran amalanken jaki ne."

"Kuskuren ya yi, Malam. Ganewa kuma kullum yana ganewa."

"To saura sauƙin."

"Wa zai same shi?"

Malam ya dubi ƙasa, ya gyara rigarsa ya wuce.

Kurbonali ya cika kafin la'asar, bakinsa a bushe, idanunsa na kan ƙofa. Nazri ne ya rufe masa su, sai da ya shafa sau biyu.

A maƙabarta liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi wa kowa: "Jama'a, wane irin mutum ne Kurbonali?"

"Mutumin kirki ne," aka amsa, murya ƙasa-ƙasa.

A nan Nazri ya ga Zoirsho tsaye a bayan sahu. Liman ma ya gan shi.

"Zoirsho, ka yafe wa mahaifinka?"

Liman ya sake tambaya. Wani ya yi tari. A ta uku Zoirsho ya ratso mutane, ya ɗauki shebur daga ƙasa, ya kama zuba ƙasa. Bai aje wa wani ya karɓa kamar yadda aka saba ba. Shi kaɗai ya cike ramin, zufa na ɗiga daga haɓarsa, sannan ya jefar da shebur ɗin ya gangara wajen rafi.

Mutane suka watse. Nazri ya zauna a kan dutse. Wani alhudahuda ya sauka a kan sabuwar ƙasar, ya buɗe tukkunsa ya rufe, ya shiga tona yana neman tsutsa.