Zomon Baba Kyari

"Kar ki kama shi ta kunne," in ji Baba Kyari daga kan gado, muryarsa can ƙasa-ƙasa. "Ki zauna kawai. Shi zai zo."

Kaltuma ta janye hannunta daga ƙarƙashin gadon, ta zauna a tabarma da ganyen salati a tafinta. Can bayan wata tsohuwar adaka idanu biyu na ƙyalli. Kwana uku ke nan da Zainaba, 'yar tsohon, ta kawo zomon daga Tirmini cikin kwali, wai ya riƙa ɗebe wa babanta kewa, tunda likita ya sallamo shi ya ce a je gida a yi ta addu'a. Ta ajiye, ta hau kabu-kabu ta koma ɗakin mijinta. Zomo kuwa ya shige ƙarƙashin gado, ya ƙi ci, ya ƙi sha.

Duk unguwar Birni an yi mamakin ganin Kaltuma na shiga gidan da kwanon kunu. Shekara tara ba ta amsa gaisuwar maƙwabcin nan nata ba. Akuyarta ce ta haura katanga ta cinye masa zogale, akuya ja, mai ciki, jikar wadda uwar Kaltuma ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Ya ɗauki taɓarya ya karya mata baya, dole aka yanka ta. Wannan ma da sauƙi. Jinin bai bushe ba sai ga saƙo: tunda shi majemi ne, ko za a ba shi fatar kar ta lalace? Fatar nan ce ta tsaya wa Kaltuma a maƙogwaro har yau.

To, yanzu ga shi kwance, ba abin da ke sa shi ɗaga kai sai wannan ɗan farin abu. Mata na ta cewa Kaltuma ta yi halin girma. Ita ta san abin da ta ƙulla. Ranar da zomon ya yarda da ita, a gaban idon mai shi za ta yanka shi, ta feɗe, ta shimfiɗa masa fatar a ƙirji. An ce mace ba ta yanka, to ita ba ci za ta yi ba. Ramuwar gayya ai ta fi ta gayya zafi.

Sai dai zomo ba ya san gaggawa. Tsohon ya sa ta cire warwaronta saboda ƙara. Ya sa ta kwantar da kwalin a gefe, ta zuba harawa a ciki, don ya sami wurin ɓuya nasa na kansa. Kullum da hantsi take zuwa, ta rufe ƙofa saboda kyanwa, ta ajiye ganye ta kau da kai kamar ba ruwanta. Ƙafafunta su yi tsami, ba ta motsi. A kwana na biyar ganyen ya ɓace. A na takwas zomon ya leƙo, ya shinshina babban yatsan ƙafarta, ta yi tari, ya buga ƙafa a ƙasa ya koma.

"Saura kaɗan," in ji Baba Kyari, yana murmushi.

"Wa ya koya maka tausayin dabba, Baba?"

"Kwanciya." Ya daɗe yana neman numfashi. "Kaltuma, zancen akuyar nan..."

"Sha kununka, zai huce."

Ran kwana goma sha biyu ta shigo da wuƙa soke a ƙugu. Ta yi sallama, tsohon ya amsa da ƙyar, fuskarsa na kallon inda take zama. Ko ganyen ba ta gama ajiyewa ba zomon ya fito tsakar ɗaki, ya yi tsalle ɗaya, ya hau cinyarta ya kwanta. Ta ji zuciyarsa na bugawa ta cikin zane. Ta ɗora hannun hagu a wuyansa, bai ko zabura ba. Daɗi ya cika ta har kunnuwanta suka ɗau zafi.

"Baba Kyari, duba nan. Duba da kyau."

Idonsa a buɗe yake, kuma ita yake kallo. Ta zaro wuƙar, ta ɗaga yadda zai gani. Bai ƙifta ba. Ƙuda ya sauka a leɓensa, bai kore shi ba.

"Baba Kyari!"

Takaici ya turnuƙe ta kafin salati ya zo bakinta. "Guduwa ka yi, ko?" ta ce, hawaye na zubo mata, ita kanta ba ta san na mene ne ba. Sannan ta sauke zomon, ta rufe wa tsohon ido, ta fita ta gaya wa maza.

Bayan an kai shi, Zainaba ta tare ta a bakin zaure, ido jajur, kwalin a hannu.

"Inna Kaltuma, ki riƙe shi, ba ya yarda da kowa sai ke. Kuma don Allah, in Baba ya taɓa ɓata miki, ki yafe masa."

Kaltuma ta karɓi kwalin, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta wuce gida.

A tsakar gidanta ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa. Zomon ya fito ya kama ganye daga yatsunta.

"Ban yafe ba," ta ce masa.

Ya ci gaba da tauna. Rana ta soma dukan bayansa, sai ta gyara zama, inuwarta ta rufe shi.