Minti Biyar na Malama Meram

Karo na uku ke nan da Malama Meram ta dubi agogon hannunta, Dakta Uzairu kuwa ko gaishe-gaishen manyan baƙi bai gama ba. Sha ɗaya da rabi ta gota. A takardar tsarin taro an ba shi minti talatin, daga shi sai ita, minti biyar, sannan jawabin babban baƙo.

Mako guda ta yi tana sassaƙa minti biyar ɗin nan. Ita ce jami'ar lafiya a ƙaramin asibitin Dogon Marke, wani ƙauye can bayan Azare, inda iskar farkon daminar 2006 ta yaye rabin kwanon ɗakin haihuwa. Tun daga ranar, duk matar da naƙuda ta kama ana ruwa, da daro biyu ake karɓar haihuwarta, ɗaya na wankan jariri, ɗaya na tarar abin da ke zubowa daga sama. Shi kuwa babban baƙon, Alhaji Maigida, attajirin da ya hakimce a tsakiyar babban tebur, sau ɗaya yake zuwa gida daga Abuja a shekara, ya tara jama'a, gidauniyarsa ta zaɓi aiki guda ta yi. Bara rijiyar burtsatse aka haƙa. Bana Meram ta ci alwashin sai an yi rufin nan.

Iya Kellu, tsohuwar ungozomar da suke aiki tare, ita ta riƙe mata agogo tana gwaji.

"Rage, 'yata," in ji ta. "Manya ba sa son dogon zance."

Ta yi ta ragewa har jawabin ya dawo minti huɗu da rabi.

Dakta Uzairu malamin ilimin halayyar ɗan Adam ne a wata kwaleji, an gayyato shi ya ɗan ƙawata taro. Ya sha kwat da laktaye cikin wannan zafi, gumi na bin wuyansa, amma ko a jikinsa. Taken laccarsa shi ne bambancin ƙwaƙwalwar namiji da ta mace.

"Bincike ya tabbatar," ya ce yana ɗaga yatsa, "mace tana furta kalma dubu ashirin a rana. Namiji fa? Dubu bakwai kacal!"

Mazan da ke kujerun gaba suka fashe da dariya, wani har da buga ƙafa. Ba wanda ya tambayi wane ne ya zauna ya ƙirga. Can baya, a kan bencina, mata wajen arba'in ne zaune tun ƙarfe tara, kuma in ban da tarin wata tsohuwa ba abin da ya fito daga bakinsu.

Dakta ya koma zamanin farauta. Wai a can ne namiji ya koyi kame baki don kada nama ya gudu, mace kuma tana gida ba abin da zai gudu, shi ya sa harshenta ya saki. Meram ta tuna majalisun da ta wuce da safe daga tasha zuwa nan, har guda shida, duk na maza, kowace ana musu kamar za a doku. In da farauta suke yi, ko gafiya ba za su kama ba.

Sha biyu da kwata ya ce zai taƙaita. Sha biyu da rabi ya ce daga wannan sai ya rufe. Ɗaya saura kwata ya zana da'ira biyu a allo, ya cika ta mace da ɗige-ɗige, ya shiga bayanin abin da ya sa mace ba ta iya zuwa kan magana kai tsaye, sai ta yi ta kewaye. Bayanin kewayen kaɗai ya ci minti ashirin.

Meram ta kawar da kai daga allon. Ta leƙa taga, ta ga gabas ta fara haɗa hadari. Da za ta fito da safe ta bar Fanna, matar wani manomi, tana cije leɓe a barandar asibiti, cikin fari ne kuma ya kai wata tara.

Ana kiran sallar azahar wani ya sunkuya ya yi wa Alhaji raɗa, Alhaji ya dubi agogonsa na zinariya. Kowa ya san jirginsa zai tashi daga Kano da yamma. Yunusa mai gabatarwa ya matso kusa da Dakta, ya saka baki a makirufo ɗin da har yanzu Dakta bai saki ba.

"Saboda ƙurewar lokaci, za mu tsallake abu na gaba, mu je kai tsaye ga jawabin babban baƙonmu."

Meram ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, rufin ɗakin haihuwarmu..."

"Alhamdu lillahi!" Muryar Dakta ta cika zauren ta lasifika. "Jama'a, ga misali Allah ya kawo mana har gida. Kun gani? An ce lokaci ya ƙure, amma ƙwaƙwalwar mace ba ta jure shiru. Ba laifinta ba ne, halitta ce. Malama, mun gode da kika taimaka wa ilimi."

Zaure ya kece da dariya da tafi. Yunusa yana yi mata alama da hannu ta zauna. Ba ta zauna ba, amma tsayuwar ba ta amfane ta da komai ba, don Alhaji ya riga ya miƙe an miƙa masa makirufo.

Alhaji ya ce shi dai yau ya ƙaru. Shekara talatin yana fama a gidansa bai san dalili ba sai yau. Aka sake dariya. Saboda haka, in ji shi, aikin gidauniya na bana shi ne buga wannan lacca kwafi dubu biyar, a raba ta asibitoci da makarantun mata, don a samu zaman lafiya a gidaje. Aka ɗauki kabbara. Wani ikon Allah, sai ga kwafi ɗari biyar na farko an shigo da su daga motar Dakta, a ɗaure tsaf cikin leda, da sunan gidauniya a bango.

Meram ta kutsa cikin masu rakiya, amma kafin ta isa ƙofa jif ɗin Alhaji ta hau titi. Ta damƙa wa Yunusa takardar jawabinta.

"Don girman Allah, Malam, ka kai masa. Shafi ɗaya ne."

"In sha Allahu, Malama." Ya ninke ta biyu ya shiga fifita da ita. "Af, ga rabon asibitinku, kada ki manta." Ya ɗora mata ƙunshi guda a hannu, mai nauyi kamar bulo.

Bayan la'asar ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar asibiti, yayyafi ya riga ya fara. Fanna tana kan gadon haihuwa tana salati. Iya Kellu ta jawo gadon zuwa lungun da kwano ya rage, amma iska tana koro ruwan har can, daro ya kusa rabi.

"An dace?" in ji Iya Kellu, idonta a kan ƙunshin. "Me Alhaji ya ce?"

Meram ta tsuguna. Ta yage bakin ƙunshin da haƙori, ta zazzage takardun a ƙasa, ta buɗe ledar. Leda ce babba mai kauri, Dakta bai yi rowa a nan ba. Ta ɗaura gefe ɗaya a ƙarfen taga, ɗayan a sandar ƙarin ruwa, ta zama 'yar rumfa a kan Fanna. Sannan ta bi takardun da ƙafa tana bazawa a inda ruwa ya kwanta, don kada wani ya zame. Suna shan ruwa sosai.

Iya Kellu ta ɗauki guda da ba ta jiƙe ba. Ta yi karatun yaƙi da jahilci, tana haɗa baƙi a hankali.

"Wai mace... kalma dubu ashirin... a rana." Ta ɗago. "To ke nawa kika yi a can?"

Meram tana saka safar hannu. Ta tsaya ta ƙirga da yatsu.

"Shida, Iya."

"To adana sauran," in ji Iya Kellu. Ta wurga takardar cikin ruwan, ta taka, ta juya wajen gado. "Fanna, yunƙura! Ga kai nan ya fito."