Namijin da Ya Rage

Tun da mijinta ya rasu, ɗakin ƙyanƙyasar kifi ya koma hannun Maman Kifi, ita da ƙanen marigayin, wani sarkin surutu da ake kira Dogo. Sana'ar tana da rashin imani guda ɗaya. Macen tarwaɗa allura ake yi mata, in cikinta ya yi laushi a matse ƙwan, a mayar da ita ruwa. Namiji kuwa ba ya matsuwa. Sai an farke cikinsa an ciro jakar maniyyin, daga nan tasa ta ƙare.

Ran nan da hantsi matan tarwaɗan suka nuna, da an taɓa su sai ƙwai ya zubo. Dogo ya farke ƙaton namijin da ya sayo, wanda ya ishi kowa da cika baki a kansa. Ya leƙa, ya sake leƙawa. Kitse ne fal, abin da ake nema kuwa ɗan tsurut, shi ma ruwa-ruwa.

"Matar yaya," ya ce a hankali, "angon nan fa ba shi da komai."

"Girma ka saya, ai ga shi nan ka samu," in ji ta.

Ba lokacin faɗa ba ne. Ƙwan da ya nuna ba ya jira, kuma kafin a je kasuwa a dawo ya lalace a cikin iyayen, wahalar shekara ta bi ruwa. Namiji ɗaya ya rage a ɗakin: Gashin-Baki, tsohon tarwaɗan da marigayi ya raina tun yana kamar tsinke. Da hannu yake ba shi abinci, yana yi masa hira. Bayan rasuwar, ita ta gaji abincin da hirar duka.

Dogo ya ƙi kallon tankin.

"Mu haƙura kawai, matar yaya. Laifina ne."

"Mu haƙura mu rufe ɗakin yayanka?"

Ta ɗauki raga da kanta. Ko wahalar kamu bai ba ta ba, da kansa ya taso yana zaton abinci ne, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta rufe masa kai da jiƙaƙƙen tawul. Dogo ya miƙo hannu zai karɓi wuƙa, ta ce a'a, ita za ta yi.

Jakar ta fito fara tas, kamar cike da madara. Dogo ya matse ƙwan a busasshen kwano, ita ta tsiyaya maniyyin a kai, ta juya da gashin kaza, suka baza a kan raga cikin ruwa mai gudu.

Washegari da la'asar ya kira ta. Gindin tankin motsi yake yi ko'ina, 'yan kifi mitsi-mitsi kamar an zubar da gashin ido, kowanne da ɗan kumburin gwaiduwa a cikinsa.

Dogo ya so ya ba ta dariya. "To, duba mana, wanne ya ɗauko kamar uban?"

Ga mamakinsa sai ta sunkuya tana dubawa da gaske, ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe. Kewar mijinta ta taso mata gaba ɗaya. Can hawaye suka cika mata ido, ta ja da baya da sauri, ta tare fuska da gefen mayafi.

"Matsa in wuce," ta ce, "kada in ɓata musu ruwa."