Wuta-wuta a Bayan Ɗan Takara

Malam Iliyasu yana da wani ɗan hali: da zarar an yabe shi, sai ya manta inda ya ajiye hankalinsa. Shi ya sa da yaran Injiniya Najib, mai neman kujerar majalisa, suka ce duk yankin Makoda gonarsa suka zaɓa don ɗaukar hoto, bai tambayi dalili ba. Dalilin kuwa, ita ce a bakin titi.

Injiniyan nan an ce zai jawo ruwan Watari har ƙofar kowa, an ce Turawa ma kuka suka yi ranar da ya baro su. Ya sauko daga mota, ya riƙi fartanya kamar an miƙa masa jaririn wani, aka ɗauka, ya koma.

Da la'asar hoton ya hau Fesbuk. Iliyasu ya gyara zama a gindin darbejiya, yana jiran yabo.

“Ku bar ɗan takara, ku dubi bayansa,” in ji wani mai sharhi a ƙarƙashin hoton. “Dawa ce ko lambun fure?”

Sai a lokacin ya lura. Wuta-wuta ce, ciyawar nan mai kashe dawa, ta yi fure ja har ƙarshen kunya.

“Mai gonar nan a kwance yake noma.”

“Ko jakina ba zan ɗaure a nan ba.”

Shi da yake koya wa mutane noma a majalisar hira! Ya shiga Fesbuk da wani sunansa na ɓoye, Mai Faɗin Gaskiya, ya rubuta: “Gonar Shago ce. Ta Malam Iliyasu tana gaba, tsaf da ita.”

Shago maƙwabcinsa ne, Kirista, tun iyayensu suke iyakar gona. Nan take masu sharhi suka saki ciyawa suka kama Shago: addininsa, cocinsu, har uwarsa da ke kabari. Iliyasu ya kashe waya.

Da safe ya hau babur ya nufi gona, yana ta shirya yadda zai fara magana. Sai ya tarar da Shago a duƙe a cikin dawarsa, yana tuge wuta-wuta.

“Maƙwabci... sannu da aiki.”

“Yawwa, Malam. 'Yata Goodness ta karanta min. Tunda duniya ta ba ni gonar, gara in gyara abata, zagin ya isa haka.”

“Mutane ba tsoron Allah,” in ji Iliyasu, murya ƙasa-ƙasa.

“Babu kam. Ta nuna min hoton Mai Faɗin Gaskiyar ma. Bai sa fuskarsa ba, babur ya sa. Baƙi, da jan ƙyalle a madubi.”

Iliyasu bai waiwaya ba. Ya san abin da ke kafe a bayansa. Ya tuɓe hula, ya duƙa a kunyar da ke kusa, ya kama tugewa, kuma har rana ta take bai ɗago kai ba.

Daga baya aka gano garin nasu ma ba ya cikin mazaɓar Injiniya.